Darasin Lafiya: Sunayen Baya, Mazaunai da Dubura a Turancin Asibiti



Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wuraren da ba a saba ambata a cikin taro ba. Ina neman afuwar dattawa tun daga farko, domin zan kira wasu gaɓoɓi da sunansu. Malamanmu ma haka suke yi idan karatu ya kawo babin tsarki, saboda ɗalibi ba ya gane hukunci da kewaye-kewaye. Sha'anin magani ma haka yake.

Ga inda matsalar take. Mutuminmu mai kunya, idan abu ya dame shi a dubura, sai ya ce "bayana ne ke damuna." A tsakaninmu an gane abin da yake nufi. Amma idan ya shiga wurin likita a nan Landan ya ce "my back", likita zai duba ƙashin baya, ya ce ya sunkuya ya miƙe, wataƙila ya rubuta masa ibuprofen ya sallame shi. Ganin likitan unguwa, wato GP, yawanci minti 10 ne. Mintunan sun ƙare a kan wurin da lafiyarsa ƙalau, jinin da ake gani a bayan gida kuwa ba a yi maganarsa ba. Ƙari a kan haka, ibuprofen na cikin magungunan da ke iya ƙara zubar jini a ciki. Kalma guda ce ta jawo wannan duka. Saboda haka za mu bi jiki daga sama zuwa ƙasa, mu ba kowane wuri sunansa.

Na ɗaya: baya da ƙugu

"Back" shi ne gadon baya, daga ƙasan wuya zuwa inda mazaunai suka fara. Sashen sama "upper back", sashen ƙasa "lower back". Ƙashin baya kansa "spine" ne.

Wanda ya taso a Nima ko Aboabo ya saba da cewa "waist pains" idan ƙugu ko kwankwaso na ciwo, kuma a Korle Bu ko Komfo Anokye kowace nas za ta gane. A wurin Baturen Ingila kuwa "waist" shi ne inda tela ke zagaya awo idan zai ɗinka wando. Idan ka ce masa "waist", zai iya ɗauka ciki kake nufi. Ciwon ƙugu a Turancin nan "lower back pain" ne. Kwatangwalo "hip" ne. Ɗan ƙaramin ƙashin nan na can ƙarshe, wanda ke zafi idan mutum ya faɗi a zaune, ana ce masa "tailbone", a takarda kuma "coccyx".

Akwai ciwon da ke tasowa daga ƙugu, ya ratsa mazauni ɗaya, ya gangara ta bayan cinya har ƙafa, wani lokaci da mintsini ko mutuwar fata. Sunansa "sciatica", ana furta shi sayatika. Wata babbar jijiya ce aka danne a ƙasan baya. Yawanci yana sauƙi da kansa cikin 'yan makonni. Amma idan ya zo da mutuwar fata a kewayen dubura ko al'aura, ko fitsari ya ƙi fita, ko mutum ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko ƙafafu biyu suka yi rauni, to wannan na gaggawa ne. A kira 999 ko a tafi sashen gaggawa na asibiti a ranar. Jinkiri na iya barin mutum da lahani na din-din-din. Ku lura, wanda kunya ta hana shi cewa fatar duburarsa ta mutu, ya ɓoye wa likita babbar alamar da yake nema.

Na biyu: mazaunai

Mu ma muna da kalmomi hawa-hawa. Muna cewa ɗuwawu, idan kuma a gaban manya ne mu ce mazaunai. Turanci ya fi mu tara su.

"Buttocks", ana furta shi batoks, shi ne sunan da ke cikin takardun asibiti. Guda ɗaya "buttock", saboda haka za ka iya cewa "left buttock" ko "right buttock". Babu rashin ladabi a cikinsa ko kaɗan. Idan ka ga "gluteal" a wasiƙar likita, wurin nan ne ake nufi. Sunan ya fito daga tsokar mazauni, wadda ita ce tsoka mafi girma a jikin ɗan Adam.

"Bottom" ita ce kalmar ladabi ta yau da kullum a Birtaniya, kuma ita hukumar NHS ke amfani da ita a takardun da take raba wa jama'a. Sai dai tana da faɗi: tana nufin mazaunai, tana kuma nufin dubura. Idan ka yi amfani da ita, ƙara bayani. Idan abin a kan fata yake, ka ce "on my bottom". Idan daga ciki yake fitowa, ka ce "from my bottom" ko "inside my bottom".

"Bum" kalmar gida ce a Ingila, irin wadda jikokinku ke faɗa. Likita ba zai ji haushinta ba. A Amurka an fi cewa "butt", kuma a can "bum" na iya nufin ɗan zaman banza mara aiki. "Behind", "backside" da "rear" duk kewaye ne na ladabi, kamar yadda mu ma muke cewa baya. Ana gane su, amma ba sa nuna wuri sosai.

Biyu kuma a guje su. "Arse" a Ingila da "ass" a Amurka kalmomin ashar ne, kada dattijo ya ɗauko su daga fim ya kai asibiti. "Fanny" kuwa tarko ce: a Amurka mazaunai take nufi, a Ingila gaban mace. 'Yan'uwanmu da ke zirga-zirga tsakanin Landan da Bronx su kiyaye.

Masu jinyar tsoho a gida su riƙe wannan: wanda ya daɗe a kwance ko a zaune wuri ɗaya, fatarsa na iya ɓaci a mazaunai, da ƙasan baya, da diddige. Sunan gyambon "pressure sore" ko "bed sore". A jikin Bature yana farawa da ja. A baƙar fata irin tamu jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ya yi tauri da ɗumi. A riƙa juya mara lafiya, a duba fatar kullum, a sanar da nas da zarar an ga canji.

Na uku: dubura

Ƙofar da bayan gida ke fita ita ce "anus", ana furta ta enas. Abin da ya shafe ta "anal". Sama da ita daga ciki akwai ƙarshen babban hanji, mai tsawon kimanin santimita 12 zuwa 15, inda bayan gida ke taruwa kafin ya fita. Shi ne "rectum", abin da ya shafe shi kuma "rectal". Hanji gaba ɗaya "bowel" ne.

Likitocin Birtaniya ma suna da tasu kunyar. Sau da yawa za ka ji sun ce "back passage". Wanda bai sani ba zai zaci ana maganar wata hanya ce a bayan gini, alhali dubura ake nufi. Wannan ita ce kalmar da na fi ba iyayenmu shawarar riƙewa, domin tana da ladabi, kuma tana nuna wurin daidai.

Bayan gida kansa ana ce masa "poo" a maganar yau da kullum, "stool" ko "faeces" a takarda. Idan nas ta tambaye ka "Have you opened your bowels?", tana tambaya ne ko ka yi bayan gida. Idan aka ce a kawo "stool sample", ɗan guntun bayan gida ake so a cikin robar da aka ba ka. Taurin bayan gida "constipation", gudawa "diarrhoea".

Na huɗu: rubutun da ke jikin kwalin magani

Nan ne kuskure ya fi saurin faruwa, saboda an riga an bar likita, an dawo gida, kuma ana jin nauyin tambayar yara.

"Suppository" magani ne mai kama da harsashi, da kitse ko wani abu mai narkewa aka yi shi, ana cusa shi ta dubura. Ba a haɗiye shi. A jikin kwalin za a ga "for rectal use only", ko "insert into the rectum", ko "do not swallow". A rubutun likita ana taƙaita shi da haruffa biyu, PR. "Enema" ruwa ne ko kumfa da ake matsawa ta dubura. "Pessary" yana kama da na farkon ƙwarai, amma ta gaban mace ake sa shi, kuma alamarsa PV. Hajiya, a karanta da kyau kafin a buɗe.

Me ya sa ake ba da magani ta nan? Fatar cikin wurin tana da jijiyoyin jini da yawa, magani na shiga jiki ta cikinsu. Yaron da ke amai da zazzaɓi ana iya ba shi paracetamol ta haka. Yaron da ke jijjiga ana ba shi diazepam ta haka. A ƙauyukan da asibiti ke da nisa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a sa wa yaro ɗan ƙasa da shekara 6 artesunate ta dubura idan zazzaɓin cizon sauro ya yi tsanani, kafin a kai shi asibiti. Wani maganin kuma a wurin yake aikinsa, kamar glycerol na taurin bayan gida, da Anusol na basir.

Yadda ake sawa: a yi bayan gida tukuna idan ana ji. A wanke hannu. A cire ledar ko takardar da aka naɗe shi, kada a manta da wannan. A ɗan jiƙa kansa da ruwa. A kwanta ta gefe, a lanƙwasa gwiwar ƙafar sama zuwa ciki, a tura shi da yatsa kimanin santimita 2 zuwa 3 ga babba. A zauna a kwance na 'yan mintuna. Idan ba na sa bayan gida ba ne, a yi ƙoƙari a riƙe kamar awa ɗaya don ya narke ya shiga jiki. A sake wanke hannu da sabulu. A ajiye sauran a wuri mai sanyi, musamman idan za a tafi da su Gana, domin zafi na narkar da su. Game da azumi, malamai sun yi saɓani a kan maganin dubura, saboda haka a tambayi malam, a kuma tambayi likita ko za a iya mayar da shi dare.

Waɗannan kalmomin suna kuma nufin baya ko ƙasan kowane abu. "Bottom of the pack" gindin kwali ne, inda sau da yawa ake buga ranar lalacewar magani. "See back of pack" na nufin a juya bayan kwali. "Rear entrance" ƙofar bayan asibiti ce. "Posterior" a sakamakon hoto na nufin ɓangaren baya na kowace gaɓa, ko zuciya ce ko gwiwa ko ido, kishiyarsa kuma "anterior", ɓangaren gaba.

Na biyar: allura

Da yawanmu mun taso da sanin cewa allura a mazauni ake yi. Har yanzu akwai waɗanda ake yi a nan, kamar allurar tazarar haihuwa ta Depo-Provera da ake yi kusan duk wata uku, da wasu nau'o'in penisilin. Nas za ta ce "injection in your buttock". Ba ko'ina ake soka ta ba. Ana raba mazauni gida huɗu a zuci, a zaɓi na sama ta waje, saboda babbar jijiyar nan da muka ambata tana ratsa ƙasa da tsakiya. Allurar da ta same ta na iya kashe ƙafa. Wannan ya isa dalilin da zai hana mu barin wanda bai koya ba ya yi wa yaro allura a gida, a nan ko idan mun je hutu. Alluran rigakafi kuwa a dantse ake yi wa manya, a cinya ake yi wa jarirai, domin kitsen mazauni na rage ƙarfin wasunsu, kamar ta ciwon hanta nau'in B.

Na shida: ba kowane jini ne basir ba

Basir shi ne "piles", a takarda "haemorrhoids". Shi ne maƙwabtanmu Asante ke kira kooko. Jijiyoyin jini ne suka kumbura a ciki ko a bakin dubura. Taurin bayan gida, yawan yunƙuri, juna biyu da daɗewa a kan masai duk suna kawo shi. Jininsa ja ne jawur, ana ganinsa wurin tsarki. Shan ruwa da yawa, cin ganye da wake da 'ya'yan itace, da rage zama a ban-ɗaki suna taimakawa.

Matsalarmu ita ce mun mayar da basir sunan duk abin da ya faru a wurin. Akwai "fissure", tsagewar fata mai zafi kamar yankan reza lokacin bayan gida. Akwai "abscess", maruru mai tara ruwa, wanda masu ciwon suga ya kamata su ɗauka da muhimmanci. Akwai "threadworms", ƙananan tsutsotsi masu sa yara ƙaiƙayi da dare, waɗanda ake wa duk gidan magani lokaci ɗaya. Akwai kuma "bowel cancer", sankarar hanji, wadda farkonta kan yi kama da basir. Wanda ya yi wata shida yana shan jiƙo a kan cewa basir ne, ba tare da an duba shi ba, yana iya ba cutar lokacin da take buƙata don ta yaɗu. Ita kuwa idan an kama ta da wuri, yawanci ana warkewa. Ba ta tsofaffi kaɗai ba ce: ɗan fim ɗin nan na Amurka, Chadwick Boseman, ita ta yi ajalinsa a 2020 yana da shekara 43.

A je wurin GP idan jini ya kai mako 3 ana ganinsa, ko yanayin bayan gida ya canza tsawon mako 3, ko an ji ƙullutu, ko ana rama da gajiya ba dalili, ko an ga jini a bayan gidan yaro. A kira 111 a ranar idan bayan gida ya zama baƙi ƙirin ko ja mai duhu, ko gudawa ta zo da jini. A kira 999 idan jinin ya ƙi tsayawa ko yana fita guda-guda. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe yana baƙanta bayan gida, wannan sananne ne, amma a faɗa wa likita ya tantance. Masu shan warfarin, apixaban ko aspirin su ambaci haka tun farkon magana.

Na bakwai: gwaji da haƙƙinka

A Ingila, duk mai shekara 50 zuwa 74 da ke da rajista da GP ana aiko masa da ɗan kwali ta gidan waya duk shekara biyu. Rubutun da ke kai shi ne "bowel cancer screening". A ciki akwai ƙaramar roba mai tsinke. Ana shafo ɗan bayan gida kaɗan, a rufe, a mayar ta gidan waya kyauta. Gwajin na gano jinin da ido ba ya gani. Wanda ya kai 75 zai iya nema da kansa. A Amurka shawarar da aka bayar tun 2021 ita ce a fara gwaji daga shekara 45. Alhaji, idan kwalin nan ya zo, kada ya kwana a aljihun tebur. Wanda ya sauya gida kuma ya gyara adireshinsa a wurin GP.

Wani lokaci likita zai ce yana son yin "rectal examination". Zai sa safar hannu da man santsi, ya duba da yatsa ɗaya, cikin ɗan lokaci kaɗan an gama. Ta nan ake jin ƙullutu, ta nan kuma ake taɓa firostet, wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. A Birtaniya, baƙar fata 1 cikin 4 zai kamu da sankarar firostet a rayuwarsa, a maza gaba ɗaya kuwa 1 cikin 8 ne. Shi ya sa ake ba mazanmu shawarar yin magana da GP daga shekara 45. Yawanci da gwajin jini mai suna PSA ake farawa.

Kana da damar neman likita namiji, ke ma kina da damar neman mace, gara a faɗa tun lokacin neman ganawa. Kana da damar neman wani ma'aikaci ya tsaya a ɗakin lokacin dubawa, sunansa "chaperone". Kana da damar neman tafinta kyauta. Ya fi a sa ɗa ko jika ya yi fassara, domin uba ba zai saki baki a gaban 'yarsa ba, ita ma za ta tausasa maganar har ma'anarta ta ɓace. Yawancin kantunan magani kuma suna da ɗakin ganawa na sirri. Ka ce kana son magana a keɓe, za a shigar da kai.

Na takwas: jimlolin da za a haddace

"I have pain in my lower back." Ƙuguna na ciwo.

"The pain goes from my buttock down my leg." Ciwon na tasowa daga mazauni ya gangara ƙafa.

"I am bleeding from my back passage." Jini na fita daga duburata.

"There is blood in my poo." Akwai jini a bayan gidana.

"I can feel a lump near my anus." Ina jin ƙullutu kusa da dubura.

"I feel numb around my bottom." Fatar kewayen duburata ta mutu.

"Do I swallow this or insert it?" Haɗiye wannan ake yi ko cusawa?

Wanda harshensa ya yi nauyi ya rubuta jimlar a takarda ya miƙa wa likita, ko ya yanke wannan shafi ya sa alama a kan wadda ta shafe shi. Nuna wurin da hannu ma ya wadatar. Likita da nas suna jin waɗannan kalmomi kullum, kamar yadda mahauci ke ambaton hanta da tumbi.

'Yan'uwana da aka haifa a nan, ku karanta wa iyaye wannan darasi, 'ya mace ga uwa, ɗa namiji ga uba ko kawu, sannan ku tambaye su ko kwalin gwajin ya taɓa zuwa. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum.